Ƙidayar Ashirin: Yadda Samarin Zango Ke Gina Jiki da Kankare da Numfashi

Kafin a ɗaga nauyi a unguwar Nima ta Accra, sai an fara ƙera shi. Wuraren motsa jiki masu na'urar sanyi da madubi bango guda suna can Osu da East Legon, kuma kuɗin wata ɗaya a cikinsu ya fi ƙarfin aljihun yaron gareji ko mai tura baro. Don haka a lungunan Nima da Maamobi da Accra New Town, wadda tsofaffi ke tunawa da sunanta na da, Lagos Town, jim ɗin unguwa sau da yawa bai wuce ɗan fili a bayan gida ba, da rumfar kwano, da bencin katako, da tarin nauyin da hannun mutane ya yi.

Ga yadda ake yin sa. Ana samo bututun ƙarfe mai kauri, tsawonsa kamar mita 2, wanda tafin hannu zai iya zagayewa. Sai a nemo mazubi: bokitin fenti, ko tsohuwar roba, ko gwangwanin Milo idan ɗan ƙarami na hannu ɗaya ake so. A huda ƙarshen bututun a soka ƙusoshi ko guntun rodi a gicciye, don kankaren ya sami abin kamawa, kada wata rana ya zame ya sauka a kan yatsun wani. A kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa, a tsayar da bututun a tsakiyar mazubin cak, a zuba, a riƙa bubbuga gefe har iskar da ta maƙale ta fito. Daga nan sai haƙuri, domin kankare yana son a riƙa yayyafa masa ruwa na mako guda, kuma ba ya cika ƙarfinsa sai wajen kwana 28. Lita 1 ta kankare tana kai kusan kilo 2.4, saboda haka bokitin lita 10 yana ba da kilo 24. Wanda ya san aikin ba ya canza bokiti ko kwaɓi idan ya zo ɗaya gefen. In gefe guda ya rinjayi ɗan'uwansa, ƙugun mai ɗagawa ne zai biya bambancin.

Masu hanya kuwa sukan gangara kasuwannin kayan mota na Kokompe ko Abossey Okai su tsinto faifan injin mota da gangar birki da tsofaffin giya, mai walda ya gyara musu rami. Ƙarfe ya ninka kankare nauyi kusan sau 3 a girma ɗaya, shi ya sa jim ɗin da ke da faifan ƙarfe ake yi masa kallon wanda ya ci gaba.

Matsalar kankare ɗaya ce: ba ya ƙaruwa. Jiki kuwa yana sabawa. Nauyin da ya sa ka ganin taurari a wannan wata zai zama abin wasa bayan wata uku, kuma tsoka ba ta girma a kan abin da ta riga ta saba da shi. A jim na zamani sai a ɗauko ɗan faifai mai kilo 1.25 a ƙara. Wanda sandarsa ta daskare a kilo 60 ba shi da wannan gatan, sai dai ya ƙara yawan ɗagawar. A nan ne ƙidaya ta zama sana'a.

Ba a Zango aka ƙirƙiro dabarar ba. A farkon shekarun 1930, daidai lokacin da Malam Amadu Futa ke kafa Nima a matsayin zangon shanu a bayan gari, wani mai suna Mark Berry, editan mujallar Strength a Amurka, yana ta kira ga masu karatunsa da su rage wahalar da damtse su koma ga tsuguno da nauyi a baya. Cikin waɗanda suka ji kiran akwai Joseph Curtis Hise, wanda ya riƙa yin tsugunon har sau 20 a jere yana shan madara, jikinsa ya buɗe har labarinsa ya bazu. Akwai kuma Peary Rader, wani siririn saurayi daga Nebraska da dabarar ta mayar ƙato, ya kafa mujallar Iron Man a 1936 ya yi ta yaɗa ta. A 1989 Randall Strossen ya tattara tsarin a littafinsa Super Squats: ɗauki nauyin da ka saba yi sau 10, ka yi shi sau 20, kana jan dogon numfashi aƙalla uku tsakanin kowace sauka, sau uku a mako, na mako 6, kana ƙara kimanin kilo 2 a kowane zama. Bangon littafin ya yi alkawarin tsoka mai yawan gaske cikin waɗannan makonni. Wannan kam akwai gishirin ɗan kasuwa a ciki. Amma tsarin kansa ya yi shekaru fiye da 90 ana gwada shi, bai mutu ba.

Tsugunon, wanda a bakin samari sunansa sikwat, yana farawa tun kafin a lanƙwasa gwiwa. Sai sanda ta hau baya tukuna. Inda aka yi sa'a akwai gwafanni biyu na ƙarfe da aka walda a tsaye, mutum ya shiga ƙarƙashi ya ɗauka. Inda babu, mutum biyu ne ke kama gefe-gefe su ɗora masa, su kuma tsaya su jira sauke ta. Ƙarfe ɗaya ba ya amo, kuma a wannan aikin maganar ba karin magana kawai ba ce. Akwai wata tsohuwar hanya ta uku da wani Bajamushe, Henry Steinborn, ya shahara da ita bayan ya isa Amurka a 1921: a tsayar da sandar a kan gefe guda, a shiga ƙarƙashinta a karkace, a bar ta ta kwanto a kan kafaɗu ana tsugune, sannan a miƙe. Abin kallo ne, amma ba na ɗan koyo ba.

Sandar ba a kan ƙashin wuya take zama ba. Ana matse allunan kafaɗa baya har naman da ke ƙasan ƙeya ya taso, a nan ake kwantar da ita. Hannuwa su riƙe ta kusa da kafaɗu, gwiwar hannu na kallon ƙasa. Taku biyu ko uku baya sun isa. Duk yawon da aka yi da nauyi a baya ƙarfi ne ake zubarwa. Ƙafafu su buɗe daidai faɗin kafaɗa, yatsu su ɗan kalli waje. Takalmin gudu mai laushin ƙasa ba ya yi, silifa kuma haɗari ne. Gara takalmi mai shafaffen ƙasa, ko ƙafa tsirara idan daɓen ba ya santsi. Ido ya kafe a kan wani tabo a bango, ya zauna a nan.

Sai numfashi, wanda shi ne rabin sana'ar. Ba ƙirji ake cikawa ba, ciki ne. A ja iska har tumbi da gefunan ƙugu su kumbura, a rufe maƙogwaro, a ɗaure ciki tamau. Tayar tirotiro ba roba ce ke ɗaukar fasinjoji ba, iskar da ke cikinta ce. Haka gangar jiki take a ƙarƙashin sanda. Wannan matsin na cikin ciki shi ke tallafe ƙashin baya ta gaba. Ɗamarar fata da wasu ke ɗaurawa ba ta riƙe baya da kanta, aikinta ta ba tumbi bangon da zai tokara.

Ana sauka ne da ƙugu da gwiwa tare, gwiwoyi na bin inda yatsun ƙafa suka nufa, dunduniya liƙe da ƙasa. Zurfin da ake nema shi ne maƙurar cinya ta gangara ƙasa da saman gwiwa. A nan ɗan Zango yana da gadon da bai san darajarsa ba. Wanda ya tashi yana tsuguno wajen alwala da wanki da cin tuwo, idon sawunsa a buɗe yake. Baturen da ya girma a kan kujera sai ya yi watanni yana neman wannan zurfin. Sai dai gadon yana da tarko. Tsugunon gida na hutawa ne, ana sakin jiki a ƙasa, baya ya lanƙwashe. Tsugunon ƙarfe kuwa babu sakin komai: a taɓa ƙasan a ɗaure, a taso a ɗaure, ƙirji da ƙugu su tashi lokaci guda, a fara furzar da iska bayan an wuce wurin da ya fi tauri, wato kamar rabin hanya.

Wannan ɗaya ke nan. Saura 19.

Goman farko aiki ne da aka sani. A ta goma jiki yakan ce ya gama, kuma gaskiya yake faɗa, tunda nauyin na goma ne. Abin da ke biyo baya shi ne dabarar. Ba a ajiye sanda. Ana tsayawa da ita a baya, gwiwoyi a miƙe, a ja numfashi uku manya ta baki, kowanne har haƙarƙari ya ɗaga nauyin sama kaɗan. A cikin waɗannan 'yan daƙiƙoƙi tsokar cinya tana samun ɗan abin da za ta yi sauka ɗaya da shi, ɗaya tak. A yi ta. A sake tsayawa. Daga ta 11 zuwa ta 15 numfashi uku yakan koma biyar. Daga ta 16 wani sai ya ja takwas ko goma, gumi na ɗiga daga haɓa, tafin ƙafa na zafi, hannuwa sun fara mutuwa saboda matsin sanda. Mai gudu yana iya rage sauri idan ya gaji. Mai sikwat ko hutunsa a ƙarƙashin kaya yake yi. Dukan abin bai fi minti 3 zuwa 4 ba, kuma mai kilo 80 a baya ya ɗaga jimillar kilo 1,600 kafin ya sauke.

Mai ƙidaya yana da nasa aikin, kuma dole ya zama mara kunya. Saukar da ba ta kai zurfi ba, ba ta shiga lissafi. "Ba ta shiga ba, sake!" Shugaban jim ɗin, wanda yara ke kira Masta, ba lamba yake kallo ba. Yana duba ko gwiwoyi sun fara faɗowa ciki, ko dunduniya ta fara ɗagawa, ko ƙugu na riga ƙirji tashi har mutum ya koma kamar mai ruku'u da kaya a wuya. Yana duba ido da leɓe, don riƙe numfashi yana ɗaga hawan jini na ɗan lokaci, wani kuma jiri kan ɗebe shi. In ya ga alama sai ka ji ya ce, "Ƙanena, ya isa, ku karɓa." Yaro zai ce, "Masta, saura uku fa." Amsar ba ta canzawa. A ganina wannan ne ilimin da ya fi tsada a wurin, domin kowa na iya yi wa mutum ihu ya ƙara ɗaya, amma sanin lokacin da ɗayar za ta zama rauni sai wanda ya daɗe yana kallon bayan mutane.

Me ya sa abin ke aiki? Tsoka dami ne na zaruruwa, kuma ba duka suke tashi aiki lokaci guda ba. Wani masanin jijiyoyi a Jami'ar Harvard, Elwood Henneman, ya nuna a shekarun 1950 da 1960 cewa jiki yana fara kiran ƙananan zaruruwa masu juriya, sai idan buƙata ta yi yawa yake taso manya masu ƙarfi, waɗanda su ne suka fi saurin kauri. Hanya biyu ce ke kaiwa ga manyan: ko nauyi mai tsanani tun farko, ko matsakaicin nauyi da aka yi ta ɗagawa har ƙananan suka gaji. A 2017 Brad Schoenfeld da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwaje da dama, suka ga cewa girman tsoka kusan ɗaya ne tsakanin masu nauyi da yawa da masu nauyi kaɗan, muddin an kai ga gajiya ta gaske. Amma a ƙarfin ɗaga abu mafi nauyi sau ɗaya, masu nauyi da yawa ne a gaba. Wato mai kankaren kilo 60 ba a bar shi a baya ba wajen tara nama. Zafin da ke cin cinya lokacin aikin yakan wuce cikin ƙasa da awa guda. Tsamin da ke hana mutum hawa matakalar masallaci kuwa daban ne, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku yake kai ƙololuwarsa, kuma yana raguwa idan jiki ya saba.

Da an sauke sanda, tsohon tsarin ya ce a kwanta a kan benci, a riƙe ɗan nauyi mara yawa da hannu biyu, a kai shi bayan kai a dawo da shi sau 20 ana jan iska. Mutanen da sun ce yana faɗaɗa haƙarƙari. Ko ba komai yana mayar da numfashi wurinsa.

Ɗagawa daga ƙasa, wato dedlif, a ido ta fi sauƙi: ga ƙarfe a kwance, sunkuya ka ɗauka. Amma ita ce ta fi saurin hukunta ganganci. Abu na farko tsayin sanda. Faifan gasa faɗinsa santimita 45, don haka sanda takan tsaya kamar santimita 22 daga ƙasa, wajen tsakiyar ƙwauri. Faifan mota sau da yawa bai kai haka ba, sai mai hankali ya sa bulo ko katako a ƙarƙashi ya ɗaga ta. Wasu kuma sukan shimfiɗa tsohuwar taya don kada kankare ya tsage, kada kuma mai gida ya fito da faɗa.

Ƙafafu a nan sun fi matsewa, daidai faɗin ƙugu. Sandar ta ratsa tsakiyar tafin ƙafa idan an leƙo daga sama. A tura ƙugu baya a kama ta, hannuwa a wajen gwiwoyi, a kawo ƙwauri ya taɓa ta, a ɗaga ƙirji har baya ya miƙe sumul. A matse hammata. A cika ciki da iska. Sai wani ɗan motsi da ɗan koyo ba ya lura da shi: kafin a ɗaga, ana jan sandar a hankali har duk wani sako-sako ya fita daga hannu da ƙarfe, ana ma jin ɗan ƙaran faifai. Fizga ita ce ke kawo ciwon baya. Daga nan a tura ƙasa da ƙafafu, sandar na gogar ƙwauri da cinya har a miƙe tsaye, ba tare da an jingina baya ba. Tabon da ke ƙwaurin tsofaffin 'yan ƙarfe daga nan ya samo asali.

Riƙo shi ke fara gazawa idan ƙidaya ta yi nisa, musamman a zafin Accra na watan Maris da bututu ke santsi da gumi. Akan shafa alli. Akan juya tafi ɗaya ya kalli gaba, ɗaya baya, don kada sandar ta murɗe ta suɓuce. Sharaɗin shi ne hannun da tafinsa ke kallon gaba ya zauna a miƙe, in an lanƙwasa shi jijiyar damtse na iya tsinkewa. Wasu sukan naɗe babban yatsa a ƙarƙashin sauran, abin da ke da zafi amma ba ya saki. Wasu su yanko tsohon bel ɗin kujerar mota su yi igiyar ɗaure wuyan hannu da sanda.

A dedlif mai yawa, kowace ɗagawa daga matacciyar ƙasa take farawa. A ajiye, a saki iska, a ja sabuwa, a gyara baya, a sake. Buga faifai da ƙasa don ya yi tsalle ya taimaka zamba ce da mutum ke yi wa kansa. Kuma a nan ba na ganin dalilin nacewa a kan 20. Cinya tana gajiya ta faɗa maka. Gadon baya yakan gaji ya yi shiru, sai dai a gan shi ya fara lanƙwashewa. Sau 10 zuwa 15 masu tsabta, sau ɗaya a mako, kuma ba a ranar sikwat mai tsanani ba, sun wadatar. Eddie Hall na Ingila, wanda ya fara ɗaga kilo 500 daga ƙasa a Leeds a 2016, sau ɗaya ya ɗaga, kuma ya zube a wurin bayan ya ajiye. Wannan wata duniya ce daban, kuma kallon bidiyonta a waya ya sa yara da yawa sun ɗora wa sanda abin da bayansu bai shirya masa ba.

Tsoka ba a jim take girma ba, a tukunya da katifa ne. Masu bincike sun sa ma'aunin furotin, sinadarin gina nama, a kusan giram 1.6 ga kowane kilo na jiki a rana. Mai kilo 70 yana neman giram 110 da ɗoriya. Ƙwai ɗaya yana ba da kamar 6. Turawan da suka fara tsarin da ɗanyar madara suka cike gurbin, wasu har kusan lita 4 a rana, abin da aljihu da cikin yawancin mutanenmu ba za su ɗauka ba. Amma Zango ba ta rasa abinci ba: waakye da ƙwai da kifi da safe, ƙosai, wagashi, fura da nono, burkina mai sanyi, tuwon zafi da miyar ayoyo, tsire idan an samu. Ga kuma barci. A majalisun bakin titi da samari ke kira bes, ana iya kai ataya zagaye uku har ƙarfe 2 na dare ana musun ko Mohammed Kudus, ɗan ƙwallon nan na Nima, ya fi wane iya yanka. Hira ce mai daɗi. Mai sikwat bayan sallar asuba dai yakan miƙe tun daga kofin farko, ya yi sallama. Wannan hutun da abincin da ƙarin nauyi a kan tsari su ne suka raba shi da ɗan dako ko kayayo a kasuwa, waɗanda ke ɗaukar abin da ya fi nasa yawa kullum, amma ba hutu, ba isasshen abinci, sai ciwon wuya da ƙugu.

Akwai masu neman gajeriyar hanya. Taramol, wanda ya addabi matasan Ghana har hukuma ta tsaurara sayar da shi, yana kashe jin zafi, alhali zafin nan shi ne ke gaya wa mutum ya tsaya. Alluran kumbura jiki suna ɗaga hawan jini, suna taɓa zuciya da haihuwa. Ko ba ƙwaya, sabon shiga da ya afka wa ashirin da ƙarfin tsiya yana iya farfasa tsoka har ta cutar da ƙoda. In fitsari ya koma launin baƙin shayi kuma cinya ta kumbura, asibiti za a nufa a ranar. Sunan macho, wato ƙato mai tsoka, ma ya ɓaci a ƙasar saboda ƙartin da 'yan siyasa da masu rikicin filaye ke haya, har aka yi dokar hana ƙungiyoyin daba a 2019 bayan tarzomar zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon. Masu ƙarfen da na fi girmamawa su ne telan da bakaniken da ɗalibin da ke gama ashirin ɗinsu, su watsa ruwa, su tafi aiki.

Tsarin ba na dindindin ba ne. Idan ana ƙara kilo 2 da ɗoriya a kowane zama, a mako 6 an ɗora kusan kilo 40 a kan abin da aka fara da shi, kuma mutane kaɗan ne ke kai ƙarshe a kan wannan saurin. Da yawa sau biyu a mako ya fi musu. Inda babu ƙananan faifai, akan ɗaure guntun giya ko manyan notuna da robar taya a kowane gefe, bayan an auna su a sikelin mai nama, a rubuta nauyi da ƙidaya da alli a bango ko a littafin makaranta. In azumi ya kama sai a rage nauyi a mayar da aikin bayan tarawihi. Idan makonnin suka cika, a huta mako guda, sannan a koma ga nauyi mai yawa sau 5 kacal na wata ɗaya ko biyu, don sabon naman ya koyi ƙarfi. Wanda sandarsa ta kankare ce, a wannan hutun ne yake zuwa sayen rabin buhun siminti da neman bokitin da ya fi na da girma.